Gumin Ani Butri

Ani Butri ta zo gidan zuhudunmu na mata, can saman tsaunukan Nangchen, tana da shekara talatin da takwas. Mijinta ya mutu, ta bar wa 'yan'uwansa garken shanunsu na yak, shanun tsauni masu dogon gashi, ta hau tsauni da ƙafa, aka aske mata kai, ta zama Ani, kamar yadda ake kiran kowace mace ta gidan. Mu da muka shigo tun muna 'yan mata mun yi karatu, ita kuwa ko sunanta ba ta iya rubutawa ba, sai aka tura ta madafa. Ta fi kowa iya hura wuta da busasshen kashin shanu, shayinta na man shanu da gishiri kuma babu mai kushe shi, har ni Yudron da ba na rasa abin kushewa.

Abu ɗaya take so a duniya, ta yafa jiƙaƙƙen mayafi. Kowace shekara, ranar sha biyar ga watan ƙarshe, lokacin da kogi ya daskare har shanu na tafiya a kansa, waɗanda suka ƙware a tummo, aikin numfashin nan da ake tayar da zafi daga ƙasan cibiya, sukan fito da sassafe daga su sai ɗan guntun zane da farin mayafi. A kowace kusurwa ta ɗakin ibada, daga waje, akwai tukunyar ruwa. A tsoma mayafin, su yafa, su yi ta tafiya a hankali har zafin jikinsu ya busar da shi. Makiyaya kan yi cincirindo a gefe suna kallon tururi na tashi daga kafaɗunsu. Butri ta taɓa kallon abin tana ƙarama, a kan wuyan babanta, kuma bai fita daga ranta ba.

Sai dai ba a fita sai da izinin Ani Chodzom, malamarmu, wadda muke kira Gen-la. Idan an gama motsa jiki da riƙe numfashi, takan bi layi tana ɗora bayan hannunta a dokin wuyan kowa. In wuya ya yi zafi kuma a bushe yake, ki fita. In da gumi, ki koma ki ɗauki bargonki. Takan ce mai gumi kokawa take yi da numfashinta, zafin kokawa kuwa ba ya kai mutum kusurwa ta uku: gumin ya daskare, mayafin ya daskare a kansa, sai a zo a kwashi mutum.

Ita ko Butri, gumi kamar da shi aka haife ta. Takan kama numfashi kamar mai jawo saniya daga taɓo, jijiyar wuya a miƙe, ido a waje. In aka zo wurin da ake yin tsalle a dira a zaune, dirarta har fitilun man shanu sai sun girgiza. Zafi kam tana da shi, a lokacin sanyi har rigima ake yi a kan wa zai zauna kusa da ita. Amma kafin Gen-la ta iso kanta, ta yi sharkaf.

Takan juyo mini da ƙeya ta ce, "Ani Yudron, taɓa nan ki ji. Yau dai ya bushe, ko?"

"Ya bushe sarai, kamar hancin ɗan maraƙi."

"Ke dai bakinki ne zai kashe ki."

"Ke kuma guminki. Matsa can, kina jiƙa mini shimfiɗa."

Sau takwas Gen-la tana taɓa wuyan nan tana goge hannu a rigarta. A gidanmu kuwa akwai doka, wadda ta kai hamsin ba ta fara yafa mayafi, don tsohon ƙashi ba ya yafe kuskure. Shekarar da Butri ta cika arba'in da tara, kowa ya san wannan ce ta ƙarshe.

Ranar mayafi ta shekarar, ina zaune a bayanta. Gen-la ta fara bin layi daga can gaba, idonta ya riga ya yi rauni, ɗakin kuma da ɗan duhu. Sai na ga Butri ta zura hannu cikin zanenta ta ciro tsampa, garin soyayyen sha'ir da muke ci kullum, cike da tafin hannu. Makiyaya da shi suke goge maiƙo a kwano, da shi suke busar da hannu. Ta murza shi a wuya da kafaɗu, ta zauna tsaf. Ban tona ta ba, kuma ba don tausayi ba ne. So nake in ga inda abin zai kwana.

Hannun Gen-la ya daɗe a wuyan. Daga nan ta ce, "Fita."

A kusurwa ta farko aka tsoma mayafin aka yafa mata. Ta yi tafiyarta kai a sama, tururi na tashi, har wasu daga cikin danginta suka haɗa hannu a ƙirji. A kusurwa ta biyu aka zo cire mayafin a sake tsomawa, ya ƙi ciruwa. Gari da ruwa da gumi sun haɗu sun zama ƙulli. Da aka fizge shi aka jefa a tukunya, ruwan ya yi fari, ga curi-curin ƙulli manne a wuyanta, sun fara ƙanƙara.

Wani tsohon makiyayi ya ce, "Ani, in akwai man shanu a kusa, ai mun sami karin kumallo."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Butri ba ta tsaya ba. Ta karɓi mayafin ta ci gaba, leɓenta ya yi shuɗi, haƙora na kaɗawa, kafin kusurwa ta uku ta durƙushe. Garin neman gira ta rasa ido, don yatsun ƙafarta biyu a nan suka tafi.

Gen-la ta same ta a madafa, an naɗe ta da fatun tumaki.

"Butri, ni kika ruɗa, don ni makauniya ce. Sanyi kuwa idonsa garau."

"Na sani, Gen-la."

"Da kin mutu, wa zai dafa mana shayi?"

Daga nan ba a sake ta da zancen ba. Butri ta koma kan tukwanenta tana ɗingishi. Takan zauna da safe ta yi numfashinta a gefen murhu, don jiki ya saba, amma ta daina juyo wa kowa ƙeya.

Bayan shekara huɗu Gen-la ta kwanta ciwo a tsakiyar sanyi. Hayaƙi na sa ta tari, don haka aka kashe wutar ɗakinta. Ƙafafunta suka yi sanyi ƙalau. Muka gasa duwatsu muka naɗe a tsumma, suka ƙona mata fata, ƙafar ba ta yi ɗumi ba. Butri ta kawo shayi, ta duba, ta ajiye butar. Ta yi abin da makiyaya ke yi wa ɗan maraƙin da aka haifa cikin dusar ƙanƙara: ta kwance rigarta, ta zauna a ƙarshen gado, ta ɗora ƙafafun a cikinta ta rufe. Haka ta riƙa yi kullum, daga safe har rana ta karkata.

Ranar mayafi ta zo, ni aka sa na bi layi a madadin Gen-la. Da aka gama na je in ba ta labari. Ɗakin ya yi sanyi har ruwan da ke cikin ƙoƙo ya daskare. Butri na zaune, kafaɗa a waje, kanta a sunkuye, tana numfashi a hankali kamar mai barci. Gen-la ta sa an tayar da ita zaune, hannunta na kan dokin wuyan Butri.

Ta ce, "Yudron, zo ki taɓa."

Na taɓa. Zafi kamar dutsen murhu, a bushe ƙamas. Na duba bayan hannuna, babu gari. Kunya ta kama ni, har da ɗan haushi, don ni na yafa mayafi sau ashirin da ɗaya, kuma na san wuyana bai taɓa yin haka ba.

"Shekararki nawa yanzu, Butri?"

"Hamsin da uku, Gen-la."

Gen-la ta ce, "Kash. Kin makara, 'yata."

"To, ya za a yi. Ki daina motsa ƙafar nan, Gen-la, yanzu ta fara ɗumi."

Bayan kwana tara Gen-la ta rasu. Butri tana nan a madafa, ta haura sittin, kuma ita ke cika tukwanen kusurwa huɗu da ruwa duk ranar mayafi. Ni ce nake bin layi yanzu. Nakan taɓa wuya saba'in a shekara, kuma har yau da nata nake auna su.