Rabin Kalmomi a Kafanchan, Rabi a Manchok

Bwari zuwa Kafanchan

Gari bai gama wayewa ba na kulle ɗakina a Bwari, inda nake aikin jinya, na nufi tasha. Ba a daɗe ba da muka binne ƙanena Ishaya. Tirela ce ta buge babur ɗinsa a hanyar Kagoro, ya bar matarsa Talatu da tsohon ciki, da 'yarsu Salama mai shekara huɗu.

Ishaya zanen talla yake yi wa mutanen ƙasar waje a kwamfuta, suna biyansa da kuɗin intanet da ake ce wa kirifto. Ni ban taɓa gane kan abin ba. Na dai san yana da wata 'yar na'ura kamar filash, mai ƙaramin gilashi da maɓalli biyu, yana ce mata walat. Duk guminsa ita ce mabuɗinsa. Talatu ta kira ni tana kuka, ta ce ta gwada lambar sirri sau biyu ba ta buɗe ba, yanzu na'urar ta nuna saura gwaji ɗaya. Na ce ta ajiye ta, ga ni nan zuwa.

Motarmu ta cika wajen ƙarfe shida. A Jere muka bar babban titin Kaduna muka karya dama. Direba ya tsaya shan mai, masu ƙosai da dafaffiyar masara suka rufe tagogi. Ya dube ni ta madubi.

"Madam, wannan baƙin kaya fa, lafiya?"

"Ƙanena ne ya rasu."

"Ayya. Allah ya ba da haƙuri."

Ya miƙa hannu ya kashe kiɗan da yake yi tun daga Bwari, bai sake kunnawa ba har muka sauka.

Daga Kagarko zuwa Kwoi ramuka ne cike da ruwan sama, gonakin citta kore shar hagu da dama. Sojoji sun tsayar da mu a shinge biyu, suka leƙa but ɗin motar, suka ce mu wuce. Rana ta kusa tsaka muka shiga Kafanchan.

Kafanchan

Na sami Talatu zaune a tabarma, ƙafafunta sun kumbura. Salama ta rungume ni ta ce, "Anti, Dadi ya tafi wurin Yesu, amma ya bar takalminsa." Na ɗauke ta na ɗora a cinyata.

Bayan na ci ɗan faten acca, muka ɗauki na'urar zuwa shagon Ngozi. Ngozi jikar wani ma'aikacin reluwe ce, a Kafanchan aka haife ta, ajinsu ɗaya da Ishaya tun firamare. Wayoyi take sayarwa, kuma tare suka koyi harkar kirifto. Ta ja mu cikin ɗakin ajiya ta rufe ƙofa.

"Sista Rifkatu, kada kowa ya sake taɓa wannan lamba," in ji ta. "In aka yi kuskure na uku, na'urar za ta goge kanta. Amma kuɗin ba a cikinta yake ba. Ranar da aka fara kunna ta, ta ba Ishaya kalmomi ashirin da huɗu na Turanci. Duk mai kalmomin nan a jere, shi ne mai kuɗin. Suna ina?"

Talatu ta ciro wani ɗan kati daga jakarta. Kalmomi goma sha biyu ne da rubutun Ishaya. Ta ce ya gaya mata tun tuni, sauran suna wurin Mama, mahaifiyarmu, a Manchok.

"Akwai wanda ya taɓa ganin wannan?"

Talatu ta sunkuyar da kai. Ashe bayan jana'iza ta shiga wani guruf a waya tana neman taimako, wani mutum ya biyo ta ya ce shi ma'aikacin kamfanin da ya ƙera na'urar ne. Ya ce ta ɗauki hoton katin ta tura masa. Ta tura. Ya nemi lambar wani babba a gidan, ta ba shi tawa.

Ngozi ta dafe kai. "Matarmu, kamfani ba ya tambayar kalmomi. Ko ni na tambaya, ki ce min a'a. Allah ya taimake mu rabi ne kawai, da rabi ba zai iya buɗewa ba. Amma katin nan ya zama tulu mai tsaga. Sai an samo sauran, a kwashe komai a kai sabon wuri."

Talatu ta fashe da kuka, tana cewa ta kusa zubar da abincin 'ya'yansa da hannunta. Ngozi ta riƙe ta, su biyun suna hawaye.

Kagoro

Washegari da safe na hau ƙaramar bas. Kafanchan zuwa Kagoro ba nisa, kafin ka gyara zama ka ga dutsen ya tare maka gaba, gajimare ya sauko ya rufe kansa. Da muka zo kwanar da abin ya faru na rufe ido. Matar da ke kusa da ni ta ce, "'Yar'uwa, amai ne?" Na girgiza kai.

Ina tsaye a Kagoro ina jiran motar Manchok, wayata ta yi ƙara. Muryar namiji ce, mai taushi kamar ta mai wa'azi. Ya yi min ta'aziyya da sunan Ishaya, ya ce kamfaninsu na baƙin ciki sosai. Sannan ya ce in ba a turo sauran kalmomin kafin yamma ba, za a rufe asusun har abada. Ba don maganar Ngozi ba, da na yarda da shi, don ya iya lallashi.

Na ce, "Malam, gawa kake bi kana lalube aljihu. Ka ji tsoron Allah."

Ya kashe wayar. Na mayar da tawa jaka.

Manchok

Na iso gida ana yayyafi. Mama tana zaune a ƙofar kicin tana tsince wake. Ta rame, ɗankwalinta ya yi mata yawa. Na durƙusa na gaishe ta, ta tambayi Talatu da cikin, ta tambayi Salama. Sai da na sha kunun da ta dama min na kawo maganar.

"Akwai," ta ce. "Bara ya kawo min, lokacin girbin acca. Ya ce, Mama, ko wa ya zo, ko ya ce ni na aiko shi, kada ki bayar. Sai na zo da ƙafata."

"Mama, ba zai zo ba."

"Na sani, Rifkatu. A gabana aka rufe shi."

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce, "Tun da ya girma bai taɓa roƙona komai ba sai wannan. Shi ne kullum mai kawo min. In na karya wannan, me ya rage da zan yi masa?"

Na yi mata bayanin haihuwar da ke tafe, likita ya ce wataƙila sai an yi aiki. Na faɗi kuɗin haya, na faɗi makarantar Salama. Ta saurara, sannan ta ɗauki wakenta ta shige kicin. Da yamma matan zumuntar coci suka zo suka yi mata waƙa da addu'a, ta bi su da baki amma muryarta ba ta fita. Na kwanta a tsohon gadonmu da niyyar in koma hannu wofi, don ba zan ƙwaci abu daga hannun uwata ba.

Da safe na fito na same ta tsaye a tsakar gida, ta ɗaura zanin zumunta, jakarta a hammata.

"Cewa ya yi kada in bayar," in ji ta. "Bai ce kada in kai ba. A hannuna zai tsaya, mai dubawa ya duba. Mu je kafin motar farko ta cika."

Kafanchan kuma

A falon Talatu muka zauna, aka kai Salama gidan maƙwabta. Ngozi ta zo da kwamfutar Ishaya da ke ajiye a shagonta, da wata sabuwar na'ura da ya saya daga kamfanin tun yana da rai, tana cikin kwalinta ba a ɓare ba. Ta sa duk muka kashe wayoyinmu muka zuba a kwano. Manhajar da ke kwamfutar ta duba ta sosai, ta ce daga shafin kamfanin kansa aka sauke ta, ba ta wani adireshin da aka turo a waya ba.

"Kalmomin nan ba a rubuta su a kwamfuta ko a waya," ta ce wa Talatu. "A kan sabuwar na'urar kaɗai za ki shigar da su, da maɓallan nan biyu. Ni zan fita. In kin gama ki kira ni."

Ta fita baranda ta ja ƙofa. Ni ma na juya fuskata bango. Abin da nake ji kawai ƙarar maɓalli, da numfashin Talatu. Da ta gama da katinta sai na ji zip ɗin jakar Mama. Mama ba ta karatun Turanci. Ta riƙe katin da hannu biyu a gaban surukarta, tana cewa, "Kina gani, 'yata? In ɗaga?" An daɗe ana yi, don Talatu sai ta tsaya ta share ido kafin ta ga harafi.

Da Ngozi ta dawo ta haɗa na'urar da kwamfuta, abin ya buɗe. Komai yana nan, ba a taɓa ba. Ba wanda ya yi guɗa. Mama ta ce, "Yaron nan, ashe duk kwanan zaunen da yake yi ke nan."

Saura tsohuwar na'urar. Ngozi ta ce yanzu babu haɗari, Talatu ta yi gwajinta na ƙarshe in tana so. Ta sa ranar aurensu. Ba ita ba ce. Gilashin ya yi duhu, ya dawo fes kamar ba a taɓa amfani da shi ba. Talatu ta daɗe tana kallonsa.

A kan tsohuwar na'urar aka fara sabon asusu. Ta fitar da sababbin kalmomi, Talatu ta rubuta da hannunta ita kaɗai, ta zaɓi lambar da ba ranar haihuwar kowa ba. Aka fara tura ɗan kaɗan don gwaji, tana karanta adireshin a gilashin na'urar harafi bayan harafi, tana gwadawa da na kwamfuta. Da ya isa lafiya aka kwashe sauran.

Ngozi ta ce tsofaffin katunan sun zama fanko, ana iya ƙonawa. Mama ta miƙa hannu ta karɓi na Talatu ta haɗa da nata, ta shafa rubutun da yatsa, ta mayar jaka. Ba wanda ya hana ta. Ta ce za ta zauna a Kafanchan har Talatu ta sauka.

Komawa gida

Na kwana, da hantsi na kama hanya. Ruwa ya bi mu tun daga Kwoi har Jere, inda taya ta yi faci muka fake a rumfar mai shayi. Na isa Bwari da la'asar. Ina godiya ga Ubangiji da ya kai ni ya dawo da ni, da Ngozi da ta rufe shagonta saboda mu ba ta karɓi ko kwabo ba, da direban nan da ya kashe kiɗa, wanda ban san sunansa ba.

Na ajiye jaka, na zauna bakin gado, na ciro waya don in faɗa a gida cewa na iso. Sai da na ji tana ƙara a kunnena, babu mai ɗauka, na duba na ga lambar da yatsana ya danna. Ta Ishaya ce. Na bar ta tana ƙara har ta tsinke da kanta.