Lauya Mai Riguna

A gidan yari babu mai ce mata Barista. Da gandirobobi sun hango ta da leda a hannu sai su ce, "Ga Mai Riguna nan."

Sunan ya samo asali ne tun shari'arta ta farko. An shigo da wanda take karewa cikin yagaggiyar singileti, ta ga alƙali ya dube shi sau ɗaya ya kau da kai. Daga ranar ba ta ƙara bari an tsayar da mutuminta a kotu ba sai da riga mai guga. Rigunan kuwa na maigidanta ne.

"Wai ni kike aure ko fursunoni?" in ji shi, yana birkita durowa. "Ina shuɗiyar?"

"Ta tafi aiki, Abban yara."

"Allah ya ba ta sa'a. Ta fi ni sanin kotu."

A kan masu jiran shari'a ta yi furfura, mutanen da aka kulle aka manta da su. Shuɗiyar rigar ta wani tsohon bakanike ce za ta zama, wanda aka kama saboda babur ɗin da aka kawo masa gyara, ashe na sata ne. Zaman da ya yi a tsare har ya wuce ɗaurin laifin. Mai gabatar da ƙara ya yi tayi: ya amsa laifi, a sallame shi.

A ɗakin ganawa, kan benci mai ƙafa ɗaya gajera, ta faɗa masa.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba. Ka ce ka yi, gobe ka kwana a gida. Ka ce ba ka yi ba, mu ci gaba, kuma ban san ranar gamawa ba."

"Ke me kika gani, 'yata?"

"Tarin nan naka ba ya yi mini daɗi. Amma bakinka ne zai faɗa, ba nawa ba."

Ya daɗe yana shafa wuyan rigar.

"'Ya'yana a garejin nan suke ci. In na ce ni ɓarawo ne, wa zai ƙara bar musu babur ya juya baya?"

Washegari ya tsaya gaban alƙali, maɓallai a ɓalle har wuya, ya ce bai yi ba. Ta miƙe ta nemi a kawo shaida ko a kori ƙarar.

"Barista, ke ba kya gajiya?" in ji alƙali.

"Ranka ya daɗe, shi da ke ciki bai gaji ba."

Alƙali ya sa rana, ya ce ɗagewar ƙarshe ke nan. Aka mayar da tsohon cikin motar gidan yari yana tari.

A gida maigidan ya leƙa ledar, ya ga wayam.

"Shuɗiyar fa?"

"An ɗage ta zuwa wata mai kamawa. Kawo farar nan mai dogon hannu, can da sanyi."