Hular da Na Ɗinka wa Babana

Kakata ta wajen uba ce ta koya mini ɗinkin hula a gidanmu na Unguwar Lalle, kuma ban taɓa ganin mace mai hannu da mugun baki irinta ba. Ba ta kai yadi wurin mai zane. Abin da idonta ya gani shi take saukewa da allura: tsagar Gobirawa da ke fuskarta, sawun zabuwa a kan rairayi, jerin dammunan gero. Dokarta ɗaya ce, ba a ƙulla zare a cikin hula. Sai dai a cusa bakinsa ƙarƙashin ɗinki ya ɓace, don ƙulli yana cin goshin mai sawa.

Ina da shekara goma sha huɗu na ɗaura niyyar ɗinka wa babana hula. Fatauci yake yi zuwa Nijar, yakan yi watanni ba mu gan shi ba, idan ya dawo kuma 'yan'uwana maza yake kira. Ina so ko sau ɗaya ya sa wani abu nawa a kansa ya fita. Damina guda na yi ina ɗinki. Da aka aiko cewa yana hanya, saura rabin kewaye, sai na yi ta ƙulle-ƙulle don in gama.

Na kai wa kakata. Ko kallon adon ba ta yi ba. Ta juya cikin, ta bi shi da babban yatsa.

"Ɗana za ki ba wagga ƙaya?" ta ce. "Bari, za ni gwada miki inda ta dace."

Na ɗauka warwarewa za ta yi, yadda ta saba. Ashe igiya ta sa mata gefe biyu. Lokacin girbi ne, ana sa wa jakuna takunkumi kada su ci gero, sai ta ɗaura wa jakin gidanmu hulata a baki. Na yi kuka, na riƙe mata ƙafa, ta ture ni ta ci gaba da cin goronta.

Da la'asar babana ya iso. Jakin yana tsakar gida, ya jiƙe shuɗin zaren da yawu. Babana ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Inna, wa yay yi ma jaki hula?"

Kakata ta dube ni. "Tambayi ɗiyarka, ita ta san mai aikin."

Ya juyo yana share hawayen dariya. Karo na farko ke nan da ya tsaya yana jiran magana daga bakina. Na ce ban sani ba.

Yau da ɗinki nake ci, har daga garin Isa ake aiko mini, kuma duk adon da nake yi daga hannunta ya fito. Ban yafe mata ba. Babana ya rasu bayan shekara shida, ina da gwaninta a lokacin, amma ban ƙara samun ƙarfin zuciyar miƙa masa komai ba. Hulunansa uku da aka raba ranar gado duk na kasuwa ne.