Gadar Da Na Sa Mijina Ya Gina

Edita, a gaishe ka. Zamanin Turawa ni matar helman ce na leburorin hanya a Isa, ga ƙuruciya, ga baki kamar reza. Mijina ya daɗe yana aiki ƙarƙashin wani Baturen injiniya, har ya gwanance a kwaɓa siminti da jera dutse, mutanen gari suka laƙaba masa Injiniya. Shi kunya sunan yake ba shi. Ni kuwa in na ji shi a bakin rijiya, har tafiyata sauyawa take yi.

Wani rani dattawan wani ƙauye wajen Kamarawa suka zo roƙonsa ya gina musu gada a kan rafin da ke raba su da kasuwa duk damina. Ya ba su haƙuri, ya ce Gwamnati ba ta yarda kowa ya aza gada ba sai wanda ta ba takardar shaidar ilimin, kuma shi gini ya iya, bai san yadda ake auna ruwan da zai bi ta ƙarƙashi ba. Suna fita na tasa shi gaba. Na tambaye shi ko takarda ce ke ɗaukar dutse, ko ya taɓa ganin Baturen nan riƙe da cebur. Na yi kwanaki ina ajiye masa tuwo ba ko sannu. Bawan Allah, ba ya jure ɓacin raina, sai ya amsa.

Aka yi gayya, fatake suka kawo siminti. Gada ta yi kyau, ni na fara rangaɗa guɗa. Da marka ta zauna, ruwa ya fi ƙarfin 'yar ƙofar da aka bar masa, ya cinye gindin gadar, ta rufta da wani falke da jakunansa. Mutumin ya tsira da karaya a ƙafa, jakunan ko igiyarsu ba a gani ba. Di'o ya zo da Baturen injiniyan, suka tambayi mijina wa ya ba shi izini. Ina laɓe, na ji ya ce karambaninsa ne shi kaɗai. Ranar aka sallame shi daga aiki. Muka koma Sabon Birni noman gero, shi ne kuma ya riƙa kai wa falken nan dame duk kaka.

'Yan'uwana mata, kowa ya tsaya inda saninsa ya tsaya, kada ku zuga miji don a ce matar wane. Takardar da na raina ba ado ba ce, rayukan masu haye gada take tsarewa. Mijina bai taɓa yi mini gori ba, Allah ya jiƙan sa. Sai dai tun daga ranar nan ya sauke sunan ya ɗora mini. Ko ruwa zai sha, sai ya yi murmushi ya ce Injiniya ta kawo. A da in ji haushi. Yau da ba mai kirana haka, shi nake marmarin ji.