Irin Dawar Bappa

Jiya ina cikin keke napep daga Nassarawo zuwa kasuwar Jimeta, 'yan siyasa biyu suna ta musu a rediyo. Ɗaya ya ce sauyin yanayi ne ya kashe noma, ɗayan ya ce ƙaryar Turawa ce. Ɗana ne ke tuƙin. Ya ja tsaki ya kashe rediyon, ni kuwa sai Bappa, yayan mahaifina, ya faɗo mini a rai.

Kowace kaka yakan zaɓi zangarniyar dawa mafi nauyi ya rataye saman murhu a gidansa na Damare, har ta yi baƙi tana ƙanshin hayaƙi. Shekarar da 'yan gudun hijira suka cika garin, ya buɗe musu rumbunsa sai da ya ƙare tas. Ina tsaye matarsa ta miƙa hannu za ta sauko da ta ratayen, ya riƙe hannunta.

"Iri ba abinci ba ne," ya ce. "Na yaran da ba a haifa ba ne."

To, yaran sun zo, Bappa. Sau biyu na shuka irinka. Na farko ruwa ya ɗauke, ya ƙone. Na biyu kogin Binuwai ya cika ya kwashe. Da na ce wa ɗana mu sake gwadawa, cewa ya yi, "Baba, wahalar nan ta tsaya a kanku."

Ɗan abin da ya rage, da safen nan na watsa wa kaji. Allah ya jiƙanka, ya sa kada labarin nan ya iske ka.