Garin da Ba Ƙyaure

Gidanmu yana wani lungu ne a gindin Dala, inda har yau a-daidaita-sahu ba ta shiga, sai dai a sauke ka a bakin titi ka ƙarasa da ƙafa. A can na tashi a hannun kakata ta wajen uba, Inna Mairo, mai suyar gyaɗa. Bayan magariba takan hura murhu a tsakar gida, ta ɗora kasko da rairayi a ciki. Mu jikoki sai mu kewaye ta kamar masu taya aiki, alhali wadda ta ƙone muke jira, don ita ce rabonmu. Tana juya gyaɗa tana ba mu tatsuniya. Ita ba ta buɗewa irin ta sauran tsofaffi. Sai ta ce ga wata baƙuwa ta taho daga nesa, mu kuma mu ce a shimfiɗa mata tabarma.

Zamanin soja ne. Wata rana Baffa Sani, ƙanin mahaifinmu, ya dawo daga kasuwar Kurmi yana dariya, yana ba da labarin yadda aka sa wani dattijo tsallen kwaɗo a bainar jama'a don ya tsallake layi. Ya ce yanzu ƙasa ta samu masu ita, talaka ba ya jin magana sai da bulala. Inna ta bari sai da ya zauna cin tuwo, sannan ta ɗan ɗaga murya ta fara.

Wai an yi wani gari da ɓarayi suka addaba, a kwanta da akuya a tashi da igiya. Da mutane suka gaji, sai suka je wurin wani ƙaƙƙarfa mai suna Barde suka roƙe shi ya tsare su. Ya ce ya yarda, amma kowa ya cire ƙyauren gidansa, don in ɓarawo ya faɗa gida kada ƙofa ta hana yaransa shiga su kama shi. Wanda ba shi da abin ɓoyewa, in ji shi, me zai yi da ƙyaure? Suka ga maganar ta kama hankali. Kowa ya ɓalle nasa da hannunsa, aka tara a dandali, yaran Barde suka riƙa faskarawa suna jin ɗumi.

Sata ta tsaya cak. Aka yi ta kiɗa, mata suna guɗa. Can sai Barde ya ce ai da raɗa ake ƙulla sata, saboda haka duk mai magana ya yi ta yadda na waje zai ji. Miji da mata suka daina hira. Yaran Barde kuwa sai su faɗo gida ba sallama, su buɗe tukunya su tsame nama, su leƙa ƙarƙashin gado. Ranar nan 'yar wata tsohuwa ta kama naƙuda, tsohuwar ta rataya asabari a bakin ƙofa don sutura. Kafin azahar an fito da tsohuwar, an ce maƙiyiyar gari ce, an kore ta bayan ganuwa. Maƙwabta duk suna kallo, tunda ba ƙofar da za ta tare musu gani, kuma ba wanda ya ce uffan.

Nan Inna ta dasa aya, ta shiga kwashe gyaɗa. Na tambaye ta ko ɓarayin sun dawo.

"Su dawo su ɗauki me?" in ji ta. "Ai an riga su."

Na ce to da ma ba su kira Barde ba. Ta girgiza kai. "Garin da ba mai tsaro kufai ne, ɗan nan. Inda suka yi sake shi ne, da suka miƙa masa sanda, ba su bar wanda zai ce masa ya isa ba."

Baffa Sani ya ture kwanon ya fita, bai gama tuwon ba. Mu kuwa haushi muka ji, tatsuniya ba waƙa, kuma ba a kashe mugu a ƙarshe ba.

Yau ni malamin sakandare ne, darasin gwamnati nake koyarwa. Ni ne mai rubuta wa yara dimokuraɗiyya da mulkin kama-karya a allo, in ja layi a tsakani. Bara ƙwacen waya ya yi ƙamari a unguwarmu, har aka sari wani ɗalibina a hannu. Aka kira taro a ƙofar gidan mai unguwa kan masu sintirin da za a turo mana, aka ba ni magana a matsayin ɗan boko. Raina a ɓace yake. Na ce a ba su wuƙa da nama, su tare kowa, su duba wayar kowa, su shiga duk gidan da suke zargi. An tafa mini sosai. Sai Malam Habu tela, maƙwabcina tun ƙuruciya, ya miƙe ya ce yana da tambaya ɗaya: in su ne suka yi kuskure, wa za a kai wa ƙara? Aka yi masa ca. Wani ya ce mai kare ɓarawo ai ɓarawo ne. Aka yi dariya, har da ni.

Ƙwacen ya ragu, wannan gaskiya ne, kuma na ji daɗi. Amma ba a daɗe ba masu sintirin suka kutsa gidan Malam Habu da rana tsaka, matarsa ko mayafi ba ta samu ta ja ba. Suka birkice ɗakuna, suka fito da shi a ɗaure, wai an ji yana sukarsu a shago. Ina tsaye a ƙofar gidana aka wuce da shi. Ya dube ni ya ce, "Malam, ka leƙa mini iyali." Na sunkuyar da kai kamar mai laluben wani abu a aljihu. Ban amsa ba, don kada a ce da ni a ciki. Bayan 'yan kwanaki aka sako shi ba a same shi da komai ba, yana jan ƙafa ɗaya.

Ina yaro, in na tuna tatsuniyar, Barde nake jin tsoro. Ban taɓa tsayawa na dubi maƙwabtan tsohuwar ba. Yanzu na san mutanen kirki ne, masu salla da zumunci, waɗanda aka yi wa sata har suka gaji. Tsoro ne ya sa suka yarda, kuma shi ya rufe musu baki daga baya. Na san haka ne don na tsaya inda suka tsaya, da ilimina da furfurata.

Malam Habu bai taɓa ɗago zancen ba. Yana matsa mini wuri a sahu, yana tambayar yarana ɗaya bayan ɗaya. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. An sake kiran taro kan ƙara wa masu sintirin hurumi, ya ce shi ba za shi ba, bakinsa ya mutu. Tambayarsa tana nan ba a amsa ta ba, kuma in ban miƙe na yi ta ba, ban san wanda zai yi ba.