Sabon Kabad a Kicin Ɗinta

Shekarar da na aje aikin koyarwa, matata ta faɗi a tsakar gida tana shanya, ɓarin jikinta na dama ya yi sanyi. Allah ya sa abin ya zo da sauƙi. Baki ya dawo, ƙafa ta dawo, hannun ne kawai ya ƙi ɗaguwa ya wuce kafaɗa. Da aka sallame mu daga asibiti, yayarta ta zo ta ɗauke ta zuwa Tsibiri, wai can akwai wata tsohuwa da ta iya tausa, kuma can babu tukunyar da za ta riƙa leƙe.

Tukunyar kuwa ita ce dukan rigimar. Babban ɗanmu yana zaune a sashen gaba na gidan da matarsa, ƴar Jiratawa, yarinya mai ladabi da ba ni da abin faɗi a kanta. Tun muna asibiti ya fara cewa Inna ta huta haka nan, matarsa ta karɓi girkin gidan duka. Matata ta ji. Sai ranar tafiya, ta kama mini hannun riga da hannunta mai lafiya.

"Malam, kar ka bari a fitar da ni daga kicin ɗina. In na daina ɗora tukunya, mi ya rage mini a gidan nan?"

Na ce ta kwantar da hankalinta, muddin ina da rai kicin nata ne.

Bayan tafiyarta na shiga kicin ɗin. In faɗi gaskiya, duk zamanmu iyakata bakin ƙofa, in tsaya in tambayi ko abinci ya sauka. Akwai wani tsohon kabad a jikin bango, dogo ne ta kwance amma gajere, bai wuce ƙuguna ba, kuma ba shi da murfi ko ɗaya. Ƙafafunsa suna tsaye cikin gwangwanayen tumatir da take zuba wa baƙin mai saboda gara. Muna jinya man ya bushe, gara ta samu hanya. Na danna katakon da yatsa, ya shige kamar cikin burodi. Na ce wannan ba za ta dawo ta tarar da shi haka ba, don shi ne hujjar da ɗanmu zai kama ya ce kicin ɗin ma ya mutu.

Na je wajen kafintan unguwarmu. Lokacin bukukuwa ne, gadajen amare sun cika masa rumfa har bakin titi. Ya ce jibi. Na koma ya ce jibi. Da na koma na uku na tarar ya hango ni ya zille ta baya, raina ya ɓaci, na ce katako dai ba karatu ba ne, zan yi da hannuna.

Na taɓa shiga gidan wani tsohon ɗalibina a Zariya, alhaji ne yanzu, ya zagaya da ni har kicin don in sa albarka. Can na ga kabad farare an kafe su sama a jikin bango, ƙasa wayam. Irin wannan kabad ne ya faɗo mini a rai. In an kafe shi sama, ta ina gara za ta hau? Na ji daɗin wannan dabara ƙwarai, har na faɗa wa abokan hirata a bakin masallaci. Suka yi ta dariya wai mushe, yadda ake kiran malamin makaranta a wurinmu, ya ƙare da alli ya koma zarto.

Wahalar da na sha, ba na yi wa maƙiyina fatanta. Na sayo katako a kasuwa, mai amalanke ya sauke mini shi a bakin lungu ya ce jakinsa ba ya shiga, na yi ta ja ɗaya bayan ɗaya. Zarton da na aro ba shi da kaifi. Injin huda bango da na samu wajen maƙwabci sai da wuta, wutar kuma ta zo ta tafi yadda ta ga dama, ga zafin bazara, gumi yana shiga mini ido. Na auna bangon daga ƙasa, na yanka katako, da na ɗaga sama sai ya ƙi shiga, ashe maginin da ido ya yi aikinsa, saman ya fi ƙasan matsewa. Na sake yanka. Kai, na zagi wannan magini, ko da yake ya daɗe da rasuwa, daga baya na roƙa masa gafara.

Babbar masifar tana cikin bangon. Gidanmu ginin ƙasa ne aka yi wa shafen siminti, na san da haka, amma shekaru sun sa na manta. Na buga ƙusa ta farko, simintin ya ɓare kamar ɓawon gyaɗa, jar ƙasa ta zubo mini a kai. Babu ƙusar da za ta riƙe nauyin tukwane a wannan bango. Sai da na huda shi gaba ɗaya har waje, na zura dogayen ƙarafa, na ɗaure su da farantin ƙarfe ta bayan ɗaki. Ina hawa tebur ina sauka, bayana ya riƙe, da magariba sai a zaune nake salla. Ɗana yana kan hanyar fatauci, ba ya kwana biyu a gida. Surukata kuwa takan kawo mini ruwa ta aje daga bakin ƙofa, ta durƙusa ta ce sannu Baba, ta ɗaga kai ta dubi aikin, ta sunkuyar, ta tafi.

Tsayin na auna shi da hannuna. Na tsaya, na miƙa, na ga ina kaiwa kantar kabad ɗin ta sama ba wahala, na ja layi. Na sa masa murafu masu maganaɗisu don ɓera, na shafa farin fenti. Na jera tukwanen matata da kwanoninta da robobin yaji da daddawa, na share ƙasa tas. Tsohon kabad ɗin aka farfasa aka hura wuta da shi.

Ta dawo wata Juma'a da hantsi. Ta rame, amma tana tafiya da ƙafarta. Ko mayafi ba ta cire ba ta nufi kicin, ni ina biye, surukarmu tana bayana. Ta tsaya tana kallo. Ta ce ma sha Allah, ta ce na sha aiki. Sannan ta jawo ƴar kujerarta ta tsugunno ta zauna gaban murhu, ta miƙa hannun hagu gefe ba tare da ta duba ba, inda tukunyar miya take zama. Hannun ya taɓa bango.

A nan na gane abin da na yi. A zaune take girki, tun da na san ta. Tsohon kabad ɗin daidai hannun mai zama yake, kuma ita ta cire masa murafun da kanta don ta ɗauki abu ba ta tashi ba.

Ta dafa gwiwa ta miƙe. Ita gajeruwa ce. Ta ɗaga hannun dama, ya tsaya a kafaɗa. Ta sa na hagu, ta yi ɗage, yatsunta suka kama bakin murfin, maganaɗisun ya ƙi saki. Kafin in motsa, yarinyar ta wuce ni da sauri, ta buɗe, ta sauko da tukunyar, ta ce Inna kawo in kama miki. Don Allah ta yi, na sani. Matata ta dubi tukunyar a hannun yarinyar, ta daɗe tana dubanta.

"Ɗora kawai, ɗiyata. Tunda kin sauko da ita."

Ta fita ta zauna a inuwa. Na bi ta na ce gobe-goben nan zan kwance shi in sauko da shi ƙasa. Ta ce in bar shi, bayana ma bai warke ba. Daga baya ɗana ya gaya mini matarsa tun ranar farko ta ga kabad ɗin ya yi sama, amma da wane baki za ta gyara wa surukinta aiki? Shi ta gaya wa, shi kuma ya yi shiru, don abin da yake so ke nan.

Ban ji maganar matata ba, na kwance shi. Na sake shan wata wahalar, na toshe ramukan bango, na yi masa ƙafafu, na cire murafun. Amma jikina ya yi nauyi, aikin ya ja lokaci, kafin in gama yarinyar ta saba da girkin gidan, kowa ya saba da hannunta. Ranar da na kammala na kira matata ta zo ta gani. Ta zauna a kujerarta, ta miƙa hannu, ta taɓa tukunyar miya daidai inda ya kamata. Na ce to bismilla, yau tuwonki za mu ci.

Ta girgiza kai. Ta ce ita da bakinta ta ce wa yarinyar ta ɗora, in ta karɓe yanzu, mutanen Jiratawa za su ce an raina girkin ɗiyarsu. Ta mayar da tukunyar wurinta, ta dafa kafaɗata ta tashi. Har yau ba ta sake ɗora tukunya a gidan nan ba.